Fab Lab ko hakasifes: wanne ya dace da aikinka?

Ɗan'uwa, ka ce kana son haɗa na'urar da za ta riƙa kunna famfo da kanta idan ruwan tanki ya yi ƙasa, ba ka da kayan aiki, shi ne kake tambaya ko Fab Lab da hakasifes abu ɗaya ne. Duka biyun wuri ne da ake tarayya a kan injuna, amma ba jirgi ɗaya ya kwaso su ba.

Fab Lab daga jami'a ya fito. Farfesa Neil Gershenfeld na MIT a Amurka ne ya assasa shi a farkon shekarun 2000, kuma na Vigyan Ashram da ke Indiya yana cikin na farko-farko. Manufar ita ce kowane Fab Lab ya mallaki kusan injuna iri ɗaya: mai yanka da hasken lesa, mai sassaƙa da umarnin kwamfuta, firintar 3D mai fitar da abu da siffarsa ba a kan takarda ba, da teburin haɗa kayan lantarki. Saboda haka zanen da aka yi a wata ƙasa za a iya yanka shi a wata. Akwai ma'aikaci, akwai lokacin buɗewa, kuma ba za a bar ka ka taɓa injin lesa ba sai an koya maka. Wannan ba tsanani ba ne. Ka sa robar PVC a ciki, hayaƙin da za ta fitar guba ne, yana kuma cinye injin.

Hakasifes kuwa ƙungiya ce kafin ta zama wurin aiki. A Jamus abin ya yi ƙarfi, inda aka kafa c-base a Balin a 1995. A 2007 wasu Amurkawa suka halarci sansanin ƙungiyar masana kwamfuta ta Jamus mai suna Chaos Computer Club, suka koma gida suka buɗe Noisebridge da NYC Resistor, kuma daga na biyun ne kamfanin MakerBot mai ƙera firintar 3D ya tsiro a 2009. Mambobi ke biyan kuɗin wata, da shi ake haya da wuta, wanda ya daɗe a ba shi makulli ya shiga ko tsakar dare. Kayan aiki kuwa abin da Allah ya hore ne. Za ka iya tarar da firinta an manna mata takarda cewa ta lalace, ta yi makonni a haka, don babu wanda aka ɗauka aikin gyara. Sai ranar da wani ya ji haushi ya kwance ta.

To, aikinka ba na babban inji ba ne. Ɗan allon Arduino ne, wato ƙaramar kwamfutar da za ta sarrafa na'urar, da abin auna ruwa, da rile, wato makunnin da zai kunna famfon ya kashe, da ƙarfen liƙa dalma. Abin da ka rasa shi ne mutumin da zai leƙo ta kafaɗarka ya ce kada ka haɗa wayar famfo haka, wutar gida ba ta wasa ba ce. Irin waɗannan a hakasifes suka fi zama, suna hira har dare. Ni dai can zan fara. Yawancinsu suna da daren da suke buɗe wa baƙi, sai ka je da kayanka a jaka kafin ka biya ko kwabo, ka ga ko ana kula sabon zuwa, don wasu wuraren kowa kansa a sunkuye yake. Akwatin da za ka saka na'urar, wannan kam ka kai zanensa Fab Lab a yanka maka.