Wata uku a ajin Turancin dare na Jekadafari

Jikata ce dalilin shigata wannan aji. Tana Ingila tare da iyayenta, shekararta tara, Hausarta kuma ba ta wuce gaisuwa da sunayen abinci ba. A makarantarsu aka ce kowane yaro ya tambayi wani dattijo a danginsu yadda rayuwa take lokacin ƙuruciyarsa. Ta kira ni ta WhatsApp, ni kuma na tattaro ɗan Turancin da na fito da shi daga firamare da wanda kasuwa ta koya mini, na fara da "in the olden days". Sai yarinya ta katse ni, ta tambaye ni tsakaninta da Allah ko a lokacin akwai mota a duniya. Uwarta ce ta yi mini bayani daga baya cewa a kunnen yaran can, wannan magana zamani take nufi mai nisan gaske, irin wanda sai a littafi ake jin labarinsa. Ni kuwa a 1962 aka haife ni, a nan Gombe. Abin ya tsaya mini a rai, domin ba na son sai wani ya shiga tsakanina da jikata yana fassara kafin ta san daga ina ta fito.

Ajin yana cikin wata makarantar kuɗi a Jekadafari, ɗaki ɗaya ake ara bayan yara sun tashi. Litinin, Laraba da Asabar, daga bayan isha'i zuwa tara da rabi, naira 8,000 a wata. Mu ashirin da 'yan kai ne: masu keke napep, 'yan kasuwa irina masu sayar da yadi, da wasu ma'aikatan jinya biyu da ke shirin jarrabawar fita waje. Malamin dattijo ne da ya yi ritaya daga koyar da Turanci a sakandare.

Ranar farko na faɗa masa buƙatata. Bai ba ni wata kalma in haddace ba. Cewa ya yi, "Alhaji, faɗa mini da Hausa tukuna." Na ce, to, da muna yara. Ya ce in sake faɗa yadda zan faɗa idan ina yi wa yaron shagona faɗa. Na ce, mu a zamaninmu ba a haka. Ya ce in sake, kamar ina hira da abokin ƙuruciya muna dariya. Na ce, ka tuna lokacin nan. Sai ya ɗauki alli ya raba allo gida uku, ya ce kun ga, Bahaushe ma ba ƙofa ɗaya yake bi ya koma baya ba, don me kuke zaton Bature ƙofa ɗaya gare shi?

A nan ne ajin ya ci kuɗinsa. Malam ya nuna mana "in my day" ita ce ta dattijo mai ƙorafi, ƙanwar "mu a zamaninmu" ce, yaro na jin ta ya san faɗa ke tafe. "Back in the day" ta hira ce, mai sakin fuska, a kan abin da mutum ya gani da idonsa, amma ba a saka ta a takardar neman aiki. "The good old days" kuwa ta mai kewa ce, kuma da ya zo kanta sai wani mai napep daga baya ya ce, Malam, kowa ya tuna bara ke nan, aji ya amsa masa da bai ji daɗin bana ba. "In those days" ba ta da zafi ba ta da sanyi, sai dai tana buƙatar turke: sai ka fara ambaton lokacin, sannan ka ɗaure ta a jikinsa. Har da "the other day", wadda na daɗe ina zaton wata rana can baya take nufi, ashe kwanan nan ce, kamar shekaranjiya ko makon jiya.

Mun ci mako biyu cur a kan "used to" da "would". Malam ya sa kowa ya kawo abu biyar da ya kan yi da amma yanzu ya bari. Nawa na farko shi ne rakiyar mahaifina tashar jirgin ƙasa da safe, shi yana tura kekensa ni ina riƙe da kwanon abincinsa. Ya ce duka biyun za su ɗauki wannan, tunda aiki ne da ake maimaitawa. Da na zo kan cewa muna da rijiya a tsakar gida, sai ya tsayar da ni: mallaka da zama da hali "used to" kaɗai ke ɗaukarsu. Na rubuta wannan da jan biro, har yau nakan duba.

Darasin da ya fi shiga raina shi ne na sunayen zamani. Malam ya ce mu muna auna lokaci da mutane da abubuwan da suka faru: zamanin Turawa, zamanin Sardauna, shekarar Udoji, kafin a ba mu jiha a 1996, lokacin muna ƙarƙashin Bauchi. Su ma haka suke yi, sai dai da nasu mutanen. Idan Bature ya ce gida "Victorian" ne, mulkin Sarauniya Biktoriya yake nufi, daga 1837 zuwa 1901. Sai Malam ya ja layi biyu a allo, ɗaya sama ɗaya ƙasa, ya nuna mana cewa lokacin da ta hau karaga Modibbo Bubayero, wanda ya kafa masarautar Gombe, yana raye, yaƙin Burmi na 1903 kuma bayan mutuwarta aka yi shi, a mulkin ɗanta. Ban taɓa ɗora tarihinmu da nasu a sikeli ɗaya ba sai daren nan. Ya kuma ja mana kunne a kan "after the war". A bakin mutumin Ingila yawanci bayan 1945 ke nan, a bakinmu kuwa bayan yaƙin basasa ne da ya ƙare a 1970. Da na faɗa wa jikata haka ba tare da fayyacewa ba, da ta ƙara mini shekara ashirin da biyar. Har "time immemorial", wadda muke cewa tun kaka da kakanni ko tun tale-tale, ya ce a tsohuwar dokar Ingila an yanka mata shekara, duk abin da ya riga 1189.

Akwai kuma "in old money". Ashe su ma sun yi zamanin fam da sule, sai a 1971 suka bar wannan lissafi, mu kuma naira ta zo mana a farkon 1973. Na tashi tsaye ba a tambaye ni ba na karanto wa samarin ajin: kwabo uku taro, shida sisi, sha biyu sule, sule ashirin fam guda. Malam ya bar ni na gama, sannan ya ce in sake faɗa da Turanci. Na faɗa, da gyara biyu.

Ba zan ɓoye aibun wurin ba. Bencin na yaran firamare ne, mai ciwon gwiwa zai ji jiki. Idan aka ɗauke wuta, fitila ɗaya ce mai caji ake ratayewa a ƙusa, na bayan aji ba ya ganin allo, a watan Afrilu kuma ɗakin kamar tanda yake. Takardun da ake raba mana an yi ta kwafarsu har wasu layukan sun dushe. Abin da ya fi damuna shi ne an gwama mai koyon haɗa baƙi da mai shirin jarrabawa a ɗaki guda. Sau da yawa ma'aikatan jinyar nan kan zauna shiru ana maimaita abin da suka sani, wani lokaci kuma mu ne ake bari a baya. Ya kamata masu makarantar su raba ajin biyu. Sannan Malam ba ya kawo muryar masu harshen domin mu ji, ko ta waya ce, alhali waɗannan maganganu rabin ma'anarsu a yanayin furuci take. Wanda ke neman takardar shaida cikin gaggawa, ba wurinsa ba ne. Wanda ke da abin faɗa a cikinsa kuma yana neman bakin faɗarsa, ina ba shi shawara ya je, ya tafi da tocila da littafi mai kauri, ya zauna a gaba.

A makon ƙarshe Malam ya sa na rubuta labarina shafi ɗaya. Ya karɓa ya karanta a tsaye ƙarƙashin fitilar, ya soke "olden days" ɗin da ta sake kutso kai a layi na huɗu, ya rubuta "when I was your age" a samanta, wato lokacin ina kamarki. Ya ce, "Alhaji, da yarinya kake magana, fara daga inda take tsaye."

Ranar Lahadi na karanta mata a waya. Na ba ta labarin shekarar 1972 da aka sauya hannun tuƙi daga hagu zuwa dama, yadda muka fito bakin titi muna kallon direbobi suna tafiya a hankali kamar masu koyo, da labarin motocin auduga da kan cika gari idan kaka ta yi. Ba ta katse ni ba ko sau ɗaya. Da na gama ta tambaye ni me sisi ke iya saya a lokacin, kuma ko ina da guda ɗaya da zan nuna mata. Akwai biyu a cikin tsohon akwatin ƙarfe na mahaifina. Na goge su da toka da lemon tsami, na ɗauki hotonsu a tafin hannuna na aika mata, na kuma biya kuɗin wata na huɗu.