Katifar "masu ciwon baya" da na saya a Agege

Da a watan farko na rubuta wannan sharhi, da yabo zalla za ku karanta. Katifa ce ƙafa shida da shida, inci goma, irin wadda suke kira otofedik. A wani shago na saye ta nan Agege, ba zan kama sunansa ba. Duk mai tsayuwa a kasuwa tun asuba, sannan ya sha gosulo a cikin danfo kafin ya ga ƙofar gida, ya san ba ado yake nema a katifa ba, ƙugunsa yake nema wa sauƙi.

Kuma ban saya ido rufe ba. Na dasa mata gwiwa a tsakiya, na ɗaga, nan take ta dawo daidai. Na zauna a bakinta, ba ta zame da ni ba. Na kwanta rigingine a gaban jama'a, yaran shago na dariya, na tura tafin hannu ƙarƙashin ƙuguna, da ƙyar ya shiga, alamar ta tallafe bayan kenan. Na ciccibi kusurwa ɗaya na ji nauyi. Har tef na sa aka auna, inci goma cif. Mai shagon, ɗan'uwanmu ne Bahaushe, cewa ya yi, "Alhaji, wannan sai dai jikokinka su gada." Maganar gaskiya, kwanakin farko barci na yi irin wanda na daɗe ban yi ba, ga yadin ba ya riƙe zafi, abin da ba ƙarami ba ne a gumin Legas idan an ɗauke wuta.

Kafin damina ta fita sai tsakiya ta fara lotsawa. Uwargida ce ta fara lura. "Maigida, katifar nan fa kwarmi take yi, kullum sai in farka na gangaro wajenka." Muka juya ta, muka mai da kai ƙafa, ba a jima ba ɗaya gefen ma ya bi sahu. Na duba katakon gado ko shi ne ya karye, lafiyarsa ƙalau.

Abin da ya sa nake rubutun nan shi ne ranar da na kira mai gyaran kujeru na layinmu. Katifar ba ta da zif, ɗinke take ruf, sai ya sa reza ya farke gefe ɗaya. Jama'a, hawa uku ce. Sama akwai inci biyu na soso mai tauri, irin wanda ake niƙa gutsattsarin soso a manne shi da gam a matse, kala-kala a jikinsa. Ƙasa ma inci biyu. Inci shidan tsakiya kuwa wani farin soso ne marar ƙwari, ya matsa shi da yatsu biyu, yatsun suka haɗu. Ya murza, gari ya zubo masa a hannu. Ya ce alli ne ake zubawa a haɗin don soso ya yi nauyi, shi ne nauyin da na ji a shago. Sak kwandon tumatirin kasuwar Mile 12, manya a baki, ruɓaɓɓu a gindi. Duk gwajin gwiwa da na kwanciya, inci biyun sama kaɗai suke iya gani.

Na koma shagon da hotuna a waya. Nan ne raina ya ɓaci sosai. Mutumin da ya yi mini maganar jikoki ya ce tunda na cire leda, kuma an farke ɗinki, babu garanti. Na ce, "Malam, a zafin garin nan wa zai kwana a kan leda? Kuma in ban farke ba, ta yaya zan ga abin da ka sayar mini?" Sai ya koma cewa ai jikina ne ya yi mata nauyi. To me ya hana ka tambayi nauyina ranar ciniki? Manyan kamfanoni kan faɗi nauyin jikin da kowace katifarsu za ta ɗauka, tawa kuwa ko lamba babu a jikin tambarinta, rasit ɗin ma "katifa 1" kawai aka rubuta.

Abin takaici, Ikeja na nan maƙwabtanmu. Kamfanin katifa na Vitafoam na kan titin Oba Akran, tun 1962 suke sana'ar. Mouka ma a Ikeja take, kamfanin da asalinsa daga Kano ya faro a 1959. Dillalansu na ainihi suna ba da katin garanti. Ragin da aka yi mini bai kai kuɗin wannan wahalar ba.

Da na fara rubutu na yi niyyar ba ta biyu cikin biyar saboda yadin da barcin farko. Da na tuna maganar leda, ɗaya ma ta yi mata yawa. Mai gyara ya zare farin soson, ya manne sama da ƙasa, ya rage yadin ya ɗinke. Yanzu inci huɗu ce, tana ɗakin yara, ni kuwa kuɗin inci goma na biya.