Gaɓar Gana ko ta Maroko, ga mai son ganin hasumiyoyin teku da duwatsu

Malam, ka ce kana da hutun mako biyu, kana son ka tashi daga Maraɗi ka bi bakin teku a mota, ka ga hasumiyoyin da ke haska wa jiragen ruwa hanya da dare da kuma duwatsun da ruwa ya sassaƙa, sai dai ka rasa wadda za ka zaɓa tsakanin Gana da Maroko. Shawarata ita ce ka nufi Maroko, domin abubuwan nan biyu da ka ambata a can suka haɗu a hanya guda. Gana tana da hasumiyoyi masu tarihi, amma gaɓarta galibi yashi ne da itatuwan kwakwa, duwatsunta kuma ba su kai a yi musu doguwar tafiya ba.

A Gana hanyar gajera ce, ba ta kai kilomita 300 ba daga Akara zuwa ƙarshenta. Za ka fara da hasumiyar Jamestown mai launin ja da fari, wadda aka gina a shekarun 1930 a madadin ta Turawan Ingila ta 1871, tsawonta mita 28, kuma daga samanta ana hango kwale-kwalen masunta jere a bakin ruwa. Bayan kilomita kusan 150 sai Cape Coast, inda aka ɗora fitila a kan ganuwar Fort William a shekarun 1830, daga nan kuma Elmina, inda Turawan Fotugal suka gina ganuwarsu a 1482. Hanyar takan ƙare a Cape Three Points, wuri mafi kudu a ƙasar, inda hasumiyar 1925 take tsaye a kan tudu. Yankin ƙarshe na hanyar ba kwalta, kuma da damina yakan wahalar da ƙaramar mota ƙwarai. Abin da zai girgiza ka a wannan tafiya shi ne ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na Cape Coast da Elmina, inda aka riƙa tsare bayi kafin a loda su a jirgi, ba fitilun ba. Wanda ya shiga waɗannan ɗakuna bai cika fitowa da surutu ba.

Ta Maroko kuwa doguwa ce, ta kusa kilomita 1000 daga Tanja zuwa Sidi Ifni, kuma kusan kowane zango yana da nasa abin kallo. Kilomita 14 yamma da Tanja akwai Cap Spartel, inda tekun Atalantika ke shiga mashigin Jibralta. An kunna fitilar hasumiyar wurin a 1864, zamanin Sarki Muhammadu na huɗu, kuma an taɓa sa hotonta a kan takardar kuɗin ƙasar ta dirhami 200. Kaɗan daga nan sai kogon Hercules, wanda bakinsa na wajen teku yake da siffar taswirar Afirka. In ka shiga ka duba bango da rufin kogon, za ka ga zagaye-zagayen da aka yanka a jikin dutsen, gurbi kusa da gurbi, domin mutanen yankin sun daɗe suna fafe dutsen niƙa a wurin, har aikin nasu ya ƙara wa kogon faɗi. Tanja ɗin nan ce garin shahararren matafiyin nan Ibn Battuta, wanda aka haifa a 1304, ya kuma ratsa Takedda a cikin ƙasarmu a 1353.

A Kazablanka akwai hasumiyar El Hank ta 1920, mai tsawon mita 51, ba nisa da masallacin Hasan na biyu da aka buɗe a 1993. Daga nan ne ya kamata ka yi hattara da zaɓin hanya. Babbar hanyar da ake biyan kuɗi tana ratsawa ta Marrakesh ne, ta cikin ƙasa, mai binta kuma ba zai sake ganin ruwa ba sai Agadir. Ka bi ta El Jadida da Safi da Essaouira, ko da za ta ci maka ƙarin yini biyu, domin tsakanin Essaouira da Agadir hanya tana hawa tuddai cikin itatuwan argan, ta sauko bakin ruwa, ta wuce gindin hasumiyar Cap Ghir.

Abin da ya sa na fifita Maroko yana kilomita kusan 150 kudu da Agadir, a Legzira, tsakanin Mirleft da Sidi Ifni. Tudun wurin ja ne, na tsakuwa da ƙasa da suka dunƙule, igiyar ruwa kuma ta yi ta cin gindinsa har ta huda shi, ya zama kamar ƙofar zauren sarki ta jan ƙasa wadda mutum zai bi ta ƙarƙashinta ya ga kansa ɗan mitsitsi. Manyan ƙofofin biyu ne a da, ɗaya ta rushe a watan Satumba na 2016, kuma ruwan da ya kayar da ita bai daina cin wadda ta rage ba. Teku yana cika yana janyewa sau biyu a yini, saboda haka ka tambayi masu masauki lokacin janyewar ruwa kafin ka taka zuwa can, kada kuma ka zauna hutawa a ƙarƙashin dutsen, tunda tsakuwa na faɗowa daga sama.

Akwai inda Gana ta fi, kuma bai kamata in ɓoye maka ba. Bahaushe ba ya baƙunta a can, domin a Nima da Sabon Zango na Akara, da zangon kowane babban gari a hanyar, za ka sami masallaci da abinci irin namu da wanda zai yi maka jagora da Hausa. Kuɗin masauki da na mota ma za su fi sauƙi saboda gajartar hanyar. Matsalar ita ce isa can ta ƙasa: tun da aka rufe iyakar Gaya, tsakanin Nijar da Benin, a 2023 hanyar Kwatano ta yi wuya, ta Burkina Faso tana fama da rashin tsaro, ta Ɗan Isa da Katsina zuwa Legas kuma tana nufin ƙetare iyakoki huɗu kafin Akara. Ke nan ko wacce ka zaɓa, mafi hankali shi ne ka yi tafiyar kilomita 660 zuwa Yamai ka hau jirgi, ta Lome zuwa Akara ko kai tsaye zuwa Kazablanka, ka ɗauki hayar mota a can. A Maroko Faransancin da muka yi a lakwal da ɗan Larabcin makarantar allo sun ishe ka, maganar halal kuwa ba ta tasowa.

Game da lokaci, gaɓar Gana ta fi daɗi daga Disamba zuwa Fabrairu, ko da yake hazon hunturu yakan rufe nesa, daga Afrilu zuwa Yuli kuma ruwan sama ne. Arewacin Maroko yana da sanyi da ruwa a hunturu, don haka ka nufi Afrilu da Mayu ko Satumba da Oktoba, ka tafi da rigar sanyi, domin iskar Essaouira ba ta da sassauci. A ƙasashen biyu ina roƙonka kada ka shiga ruwa ya wuce gwiwa. Wanda ya iya iyo a tafkin Madarunfa bai san igiyar da ke jan mutum ta ƙasa zuwa tsakiyar teku ba.

In ka amince da Maroko, ka hau jirgin ƙasa mai sauri daga Kazablanka zuwa Tanja, tafiyar awa biyu da ƴan mintoci, ka karɓi motar haya a can ka gangaro kudu cikin kwana takwas ko tara. Sauran kwanakin za su ishe ka ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani a Fas kafin ranar jirginka na komowa Yamai.