Ta Gwangwani Ko Ta Roba: Wace Tsohuwar Motar Wasa Mai Batir Za Ka Fara Da Ita?

Wani ɗan'uwa a cikinmu ya ce ya ga tsofaffin motocin wasa masu batir guda biyu a wurin mai kayan gwanjo, ɗaya ta gwangwani ƙirar Japan, ɗaya ta roba ƙirar Hong Kong, kuma duk ba sa tashi. Yana son ya fara tarawa yana gyarawa da hannunsa, shi ne yake tambaya wacce zai ɗauka. Malam, a gajarce: hannunka ya koyi aiki a kan ta roba, kuɗin ajiyarka kuma ya tafi ga ta gwangwani. Ga dalili.

Ta gwangwanin nan 'yar zamanin da Japan ke jan ragamar kayan wasa ce, wato daga shekarun 1950 zuwa ƙarshen 1960. Juya ta ka duba tambari. TN na kamfanin Nomura ne, TM na Masudaya, harafin Y a cikin fure na Yonezawa, Alps kuma hoton dutse yake sakawa. Akwai Bandai, wanda aka kafa a 1950, da Ichiko da Taiyo. Ta roba ta biyo baya ne, lokacin da ladan ma'aikata ya tashi a Japan, dokokin kare yara daga kaifin ƙarfe suka tsananta a Amurka, aiki ya koma Hong Kong da Taiwan. In ka ga alamar ST, wato shaidar cewa abin wasa ba shi da haɗari ga yara, a jikin mota ko kwalinta, to ba ta girmi 1971 ba, don a shekarar ne masu kayan wasa na Japan suka fito da alamar. Wadda aka rubuta wa ME da lamba kuwa ta Sin ce. Tana da masoyanta, amma kada a sayar maka da ita a farashin ta Japan.

Inda suka fi rabuwa shi ne wajen buɗewa. Ta roba sukurori huɗu ko shida ne a ƙasa, ka kwance, ka duba, ka mayar, gobe ma ka sake. Ta gwangwani ba haka take ba. An haɗa saman da ƙasan da wasu ƙananan harsuna na gwangwanin kansa, kowanne an zura shi a rami an lanƙwasa. Harshen nan in ka miƙar da shi sau biyu ko uku, sai ya karye, kuma in ya karye ya tafi ke nan, domin dalma za ta ƙona fentin da ke kewaye. Saboda haka kowace buɗewa tana rage wa motar kwana. Masu hannu a aikin ba sa miƙar da harshen gaba ɗaya, ɗaga shi suke yi daidai yadda zai zame, da siririn sukundireba, a sa ɗan kwali a ƙarƙashi don kada a karce jiki. Wanda ya taɓa ƙera motar langalanga yana yaro ya san yadda gwangwani ke gajiya a wurin lanƙwasa. Kafin ka biya, ƙirga harsunan. In ka ga uku sun ɓace, wasu kuma da tabon filaya, wani ya riga ka shiga ciki, kuma bai yi a hankali ba.

Amma da zarar ka shiga, ta gwangwani ta fi daɗin sha'ani. Giyoyinta galibi na tagulla ne da ƙarfe, wayoyin 'yan kaɗan, babu wani allon lantarki. Abin da ke hana ta tashi sau da yawa tsohon giris ne da ya daskare, ko datti a makunni, ko waya ɗaya da ta saki. Goge inda batir ke taɓawa da sanfefa mai laushi, ɗiga man keken ɗinki digo ɗaya a kowane bakin sandar injin, juya ta da yatsa har ta saki, sannan ka ba ta wuta. Batir biyu manya irin na tocilan, bolt 3 ke nan, shi ne abincin yawancinsu. Kada ka ce za ka tashe ta da batir mai bolt 9 don ta yi gardama. Ƙwan fitila ne zai fara tafiya, inji ya bi shi. Wani abin lura: a da yawa daga cikinsu jikin motar ne ke zama waya ta biyu, don haka tsatsa a mahaɗar ƙarfe da ƙarfe kaɗai ta isa ta yanke wuta alhali inji lafiyarsa ƙalau.

Ta roba ciwonta ɗaya ne sananne. Ƙaramar giyar da ke bakin inji, wadda aka matsa a kan sandar ƙarfe, tana tsukewa da tsufa har ta tsage. Za ka ji inji yana kuka, taya ba ta motsi, ko kuma tana tafiya tana ƙas-ƙas duk zagaye. Sufa gulu ba ya riƙe irin wannan robar. Sai dai canji, kuma a nan ne sauƙinta yake: ƙirga haƙoran, auna kaurin sandar, sau da yawa za ka samu daidai ita a cikin wata matacciyar motar yara ta yau. Injin ma irin na Mabuchi ne, wani kamfanin Japan mai ƙera ƙananan injuna, ko kwaikwayonsa, ba ya wuyar samu. Abin da ba ya gyaruwa shi ne jikin da rana ta gasa har ya zama kamar ɓawon ƙwai, da ƙyallin azurfar bamba da ya goge.

Gidan batir kuwa, dukansu biyu nan ne makasarsu, sai dai ta gwangwani ta fi shan wuya, don ruwan batir yana cin ƙarfen har ya huda. Buɗe murfin tun a gaban mai kaya. Farin gari mai kama da gishiri yawanci na batirin alkalin ne, ana kashe shi da ruwan lemon tsami ko binega a kan auduga. Na batir mai arha irin wanda muke sa wa rediyo, wato mai zinki da gawayi, shi tsami gare shi, bekin soda da ɗan ruwa yake so. A bushe sosai bayan haka. In tsatsa ta riga ta cinye gindin gidan, rage farashi ƙwarai ko ka bar musu kayansu.

Batun fenti, a nan sabon hannu ke yin ɓarna. Zanen da ke jikin ta gwangwani, har da hoton direba da agogon gudu, buga shi aka yi a kan shimfiɗaɗɗen ƙarfe kafin a lanƙwasa. Tina ko fetur za su ɗauke shi nan take, kuma motar da aka sake wa fenti darajarta faɗuwa take yi ko da ta fi sheƙi. Ƙyalle mai laushi da ɗan danshi ya wadatar. In da kwalinta na asali, ko ya yage, kada ka yar. Masu tarawa suna ƙara kuɗi sosai saboda shi.

Da ni ne, in kuɗin ya kai, zan ɗauki duka biyun, in fara da ta roba har sai na iya bin wuta daga batir zuwa makunni zuwa inji da mitar gwada wuta, ta gwangwanin kuma in cire mata batir in ajiye ta inda ba danshi. In ɗaya kaɗai aljihu zai ɗauka, ɗauki ta gwangwani muddin gidan batirinta bai huje ba, don irin ta robar za ka sake gani wani makon. Kafin ka taɓa harshe ko ɗaya, turo mana hoton ƙasanta da tambarin, mu gani ko daga gidan batir ma za a shawo kanta ba sai an buɗe ba.