Kafin ka sayi sojojin teburi da fenti: abin da zai jure zafin Garwa da ƙurar hunturu

Sojojin teburi ƙananan mutum-mutumin sojoji ne na roba ko ƙarfe da ake yi wa fenti a jera su don kwaikwayon yaƙi. Tun kafin ka taɓa aljihu, ka yanke yaƙin da kake son shimfiɗawa a teburi, don shi zai nuna maka girman sojoji da kalar fenti. Mu nan ba sai mun je Turai neman tarihi ba. A Kusuri ne Rabe ya kara da Faransawa ranar 22 ga Afrilu 1900, shi da kwamandan Faransawan, Lami, duk suka mutu a ranar. A Marwa, Lamiɗo Zubairu ya fuskanci Jamusawa a farkon 1902. A kan dutsen Mora kuwa Jamusawa sun toge tun 1914, ba su miƙa wuya ba sai Fabrairun 1916.

Girma uku ne suka fi yawa a kasuwa. Masu tsayin milimita 15 ba sa cin wuri, amma galibinsu na ƙarfe ne, fuskokinsu kuma sai mai kaifin ido. Masu ma'aunin 1/72, wato kashi ɗaya cikin 72 na tsayin mutum, irin na kamfanonin Italeri da Zvezda da HaT, akwati guda na ɗauke da sojoji da yawa, sai dai mafi yawansu roba ce mai laushi: mashi na lanƙwashewa, fenti ya ɓare ya bi hannu. Wanda ya zaɓe su dole ya wanke su da sabulu, ya shafa musu farin gam ɗin kafintoci da aka sirka da ruwa, sannan fenti ya kama. Ni dai na fi son milimita 28 na roba mai tauri. Ba su da nauyi, kuma nauyi shi ne kuɗi idan kaya zai taso daga Ingila ya ratsa duwan kafin ya iso Garwa ko Njamena. Na ƙarfe sun fi kyan zubi, amma kuɗin aikowa na iya kamo kuɗin kayan, tsofaffin cikinsu kuma akwai masu dalma, wadda ba a bari kusa da yara.

Samun akwatin da aka rubuta wa sunan Rabe da wuya. Mafita ita ce akwatin Ansar, mayaƙan Mahadin Sudan, da kamfanin Perry Miniatures ke yi, mai sojoji 40. Rabe daga Sudan ya fito, ya karɓi Mahadiyya, ya kuma haɗa kai da Hayatu ɗan Sa'idu na Balda, don haka jibba mai faci-faci ta dace da mayaƙansa. Ka fifita masu bindiga a kan masu mashi, ka ajiye kawunan masu tulin gashi na Beja, su mutanen gabashin Sudan ne. Mahaya lifidi su ne masu cin lokaci. Ana murza Milliput, wani kwaɓi mai daskarewa ya yi tauri, a shimfiɗa wa doki, a tsaga masa layukan ɗinki da allura kafin ya daskare. Aiki ne na haƙuri, amma doki goma masu lifidi ja da rawaya kan sa duk wanda ya shigo ɗaki ya tsaya kallo.

Fenti shi ne inda yanayinmu ke hukunta mai gaggawa. Citadel fenti ne mai kyau, amma tulunsa mai murfin ɗagawa ne, duk buɗewa iska ta shiga. A watan Afrilu, zafi ya haura digiri 40, sai ka tarar ya yi kauri tun ba ka ci rabinsa ba. Vallejo da Army Painter na zuwa a kwalba mai ɗigo, ka matsa ɗigo biyu ka rufe, ƙura ba ta samun hanya. Wannan kaɗai ya isa dalili. Humbrol mai mai yana jinkirin bushewa, abin da za a ce alheri ne a nan, amma a hunturu ƙura kan manne masa kafin ya bushe, ga wari a rufaffen ɗaki. Fentin masu zane na cikin tub, wanda ake sirkawa da ruwa, ya wadatar wa ƙasa da bukkoki da ganuwa. Kada ka kai shi fuska.

Akwai kuma fenti mai ruwa-ruwa irin Contrast da Speedpaint, wanda shafa ɗaya ke ba da launi da inuwa tare. Ga mai jibba arba'in a gabansa, taimako ne babba, muddin shafen farko, wato fentin da ake fara shafa wa soja kafin launuka, fari ne. Sai dai a busasshiyar iska yana barin tabo idan hannu ya yi jinkiri, don haka da asuba ko bayan isha'i ake aikinsa.

Kada babban akwati mai launi hamsin ya ruɗe ka. Fari, baƙi, ja na hular sojojin Senegal, shuɗi mai duhu, rawaya, ruwan ƙasa iri biyu da kalar ƙarfe sun gama maka Kusuri. Gwangwanin feshi ba a aiko shi ta jirgin sama, don haka shafen farko ka neme shi wajen masu fentin mota, ka gwada a kan soja ɗaya, ka fesa a inuwa.

Rarar kuɗin ka sa a buroshi. Mai gashin dabba irin Winsor & Newton yana riƙe tsini, amma yana da tsada kuma fentin da ya bushe a gindinsa kan kashe shi da wuri; mai farawa ya sayi na roba guda uku, lamba 0 da 1 da 2. Farantin danshi kuwa ba sai an saya ba. Robar abinci mai murfi, jiƙaƙƙen soso a ƙasa, takardar gasa kek a sama, fentin da ka ɗiga bayan azahar zai kai ka la'asar bai bushe ba.