Yadda muka tarar da sashen masu larurar homon a wani babban asibiti a Katsina

Duk gidan da aka haifi yaro da larurar nan da muke kira mata-maza, ko aka rene shi a mace sai balaga ta zo jiki ya ɗauki wata hanyar, shawarata a kai shi babban asibiti, a kuma kai shi da wuri. Mu daga Daura muka riƙa zuwa wani babban asibiti a cikin garin Katsina, kuma alhamdu lillahi mun samu abin da ya kai mu. Sai dai akwai wuraren da zan yi ƙorafi, shi ya sa ba zan kama sunan asibitin ba, balle na ƙanena. Auta muke ce masa a gida, a nan ma haka zan kira shi.

Ungozoma ce ta karɓi haihuwarsa a ɗaki, ta ce mace aka samu. Aka raɗa sunan mace, aka huda kunne, ya tashi cikin hijabi yana bin 'yan mata Islamiyya. Inna ta ce tun yana jariri ta ga abin da bai kwanta mata ba wajen wanka, amma wa za ta gaya wa? Da ya kai sha huɗu sai murya ta buɗe, zakaran wuya ya fito, kafaɗu suka faɗaɗa, ƙirji shafe, al'ada kuma shiru. Ya daina fita ko ƙofar gida. An sha rubutu, an yi hayaƙi, an kai shi ruƙiyya, wata mai maganin mata ta cinye wa Inna kuɗin akuya da garin da ta ce yana fito da ƙirji. Ba mu tashi tsaye ba sai da wani ɗan'uwanmu ya aiko neman aure, Auta yana sha tara. Daren nan ya same ni a ɗaki ya ce, "Yaya, ku daina wahalar da kanku. Ni tun ina ƙarami na san ni ba mace ba ne."

Sashen masu larurar homon, wato sinadaran da jiki ke yi da kansa suna tafiyar da ayyukansa irin su girma da balaga, rana ɗaya yake zama a mako, don haka da an sallame Asuba muke tasha, mu bi ta Mashi, mu isa kafin a gama karɓar kati. Benci ɗaya ake zama da masu ciwon suga da masu maƙoƙo. Wannan ya yi mini daɗi, don ko ka haɗu da ɗan garinku ba zai san me ya kawo ka ba. Abin da bai yi mini daɗi ba ɗakin kati ne. Mai rubuta katin ya ji muryar Auta ta cikin hijabi, ya ɗago kai ya ce da ƙarfi, "Wai mace ce ko namiji? Me zan rubuta?" Layin nan kaf aka juyo. Na ji hannun Auta yana rawa a cikin nawa. Ba don kuɗin motar da muka kashe ba, da daga nan ya juya gida.

Babban likitan da muka gani dattijo ne mai sanyin magana. Da muka shiga da "ku" ya fara yi wa Auta magana, sai da aka gaisa ya rufe ƙofa ya ce, "Yaya kuke so in riƙa kiranku, in ce ka ko in ce ki?" Auta ya daɗe yana kallon ƙasa kafin ya ce, "Ka." Likita ya rubuta a bangon fayil, bai ƙara tambaya ba. Da zai duba jikinsa ya fitar da ɗalibai, ya bar nas ɗaya, ni ma ya ce, "Malama, a ɗan ba mu wuri." Wata ranar kuwa da ba ya nan, ƙaramin likitan da ya zauna a madadinsa ya tara ɗalibai a kan Auta ba tare da ya nemi izininsa ba, suna leƙe suna rubutu. Na san asibiti wurin koyo ne, amma tambaya ba ta cin minti ɗaya. Mai zuwa ya sani yana da ikon cewa ba ya so, kuma idan ya faɗa ana fita.

Gwaje-gwajen su ne suka ci kuɗi. Sikanin ciki a nan aka yi, ya nuna babu mahaifa, ga kuma 'ya'yan maraina biyu maƙale a matsematsi ba su sauko ba. Gwajin homon na jini wani a asibitin, wani a lab na kuɗi a waje. Babba shi ne na kuromozom, wato abin da ke ɗauke da gadon halittar mutum daga iyaye, wanda aka ɗebi jinin aka aika Legas, muka yi makonni muna jira, kuɗinsa kuma ya haura albashina na wata a firamaren da nake koyarwa. Sai da Kawu ya sayar da buhunan gero.

Ranar da sakamako ya cika, likita ya juya bayan wata takarda ya zana mana abin da biro. Ya ce ɗan Adam yana da kuromozom 46, biyu daga ciki su ke tafiya da jinsi: XX galibi mace, XY galibi namiji. Na Auta XY ne. Marainansa suna yin homon na maza, testosteron, amma kafin al'aurar namiji ta ginu a cikin ciki sai wani sinadari a jiki ya juya testosteron ɗin zuwa wani mai ƙarfi da ake kira DHT. Wannan sinadarin ne bai aiki sosai a jikin Auta, shi ya sa aka haife shi da kamannin mace a waje. Da balaga ta zo testosteron ya yi yawa, sai murya da ƙashi da tsoka suka bi nasu. Ya ce tun 1974 wata likita, Julianne Imperato-McGinley, ta bayyana wannan larura a wani ƙauye na Jamhuriyar Dominika, inda ake ta haihuwar irin waɗannan yara, kuma da yawansu da suka balaga sun koma rayuwar maza. Gado ake yi daga uwa da uba duka biyu, shi ya sa ta fi fitowa a auren zumunci. Inna da Baba 'ya'yan wa da ƙani ne. Likita bai ɗora wa kowa laifi ba, ya dai ce idan duka iyayen suna ɗauke da ita, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya gaje ta daga duka biyun, kuma a jikin mai XY take bayyana. Inna ta yi kuka a wurin, ta ce ita duk shekarun nan ta ɗauka kishiyar uwarta ce ta yi mata asiri.

Mu mun zaci daga nan sai allurar homon na maza. Ashe sai an bi ta wurin likitan ƙwaƙwalwa. Inna ta ce ita ba za a kai mata ɗa wurin mahaukata ba, da ƙyar Kawu ya shawo kanta. A ganina wannan sashen shi ya fi kowanne aiki a asibitin nan. Likitar mace ce, matashiya, ɗakinta can ƙurya inda ba a jin hayaniya. Ta bayyana mana cewa gwajin jini ba ya faɗin yadda mutum yake jin kansa. Akwai masu irin larurar Auta da suke zaɓar su ci gaba da zama mata, su kuma hanyarsu daban ce: a cire marainan a ba su homon na mata, estirojin. Kowace hanya aka bi akwai abin da ba ya dawowa, don haka dole a tabbatar daga bakin mai jikin maganar take fitowa, ba daga iyaye ko tsoron surutun unguwa ba. Abin da take dubawa shi ne ƙuncin da mutum ke shiga idan jinsin da aka rene shi a kai bai dace da wanda yake ji ba. Ƙa'idar likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ta 2013 ta ce sai ƙuncin ya kai aƙalla wata shida yana damun mutum a rayuwarsa kafin a rubuta shi a matsayin larura, kuma ta ware wuri ga masu bambancin halitta irin na Auta. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa a 2019 ta fitar da batun daga jerin cututtukan ƙwaƙwalwa gaba ɗaya. Wannan maganar ce ta kwantar wa Inna da hankali.

Shi kaɗai take ganinsa, sannan ta kira ni, wata rana Inna, wata rana Baba. Auta ya ce tana tambayarsa wasan da yake yi yana yaro, yadda yake ganin kansa a mafarki, wane sahu yake jin ya kamata ya tsaya a sallah, me zai yi idan abokai suka guje shi. Ta tambaye shi kai tsaye ko ya taɓa tunanin kashe kansa. Ya ce eh, lokacin da aka aiko neman auren. Mu da muke kwana gida ɗaya da shi ba wanda ya sani. Ta ɗora shi a kan zaman tattaunawa na watanni, ta ba ni lambar da zan kira idan na ga ya shiga ɗaki ya ƙi cin abinci. Jiran ya yi wa Auta tsawo, har ya yi fushi da ita, amma ba ta sauya ranar ba.

Baba shi damuwarsa addini ce, kuma asibitin ba su da wanda zai amsa masa wannan, abin da nake ganin gyara ne a gari irin namu. Wurin wani malami abokinsa ya tafi da takardun. Malam ya ce ai fiƙihu ya daɗe da sanin khunsa, wato mata-maza, littafin Mukhtasar na Khalil ma da hukuncinsa ya rufe: ana duba mafitar fitsari, da gemu, da nono, da haila, da maniyyi, idan alama ta rinjaya to babu sauran rikici. Wanda ya rikice gaba ɗaya a gado ana ba shi rabin kason namiji da rabin na mace. Ya ƙara da cewa majalisar fiƙihu ta Rabiɗa, Ƙungiyar Musulmi ta Duniya, da ta zauna a Makka a 1989 ta halatta wa wanda alamun maza da mata suka haɗu a jikinsa a yi masa magani da homon ko tiyata a bi abin da ya rinjaya, ta kuma hana hakan ga wanda halittarsa ta cika. Baba ya dawo ya ce a ci gaba. Masu irin wannan ƙunci da jikinsu ba shi da bambancin halitta, wannan fatawa ba ta buɗe musu ƙofa ba, amma ni da na ga abin da shiru ya kusa jawo wa ƙanena, ko su zan ce su je su zauna da likitar nan su yi magana.

Amincewar a fara allura ta zo ne bayan likitan homon da likitar ƙwaƙwalwa da likitan mafitsara sun zauna a kan fayil ɗin. Auta da kansa ya sa hannu tunda ya haura sha takwas. Takardar da Turanci take, shafi uku, kuma a tsaye a baranda wata nas ta fassara mana ita da baki, mutane na wucewa. Takardar da za ta sauya rayuwar mutum, a Katsina, a ce babu ta Hausa!

Likita bai yi mana alkawarin banza ba. Ya ce tunda balaga ta riga ta wuce, allurar za ta taimaka amma iyakarta kaɗan ce wajen girman gaba, gemu ma wataƙila ba zai cika ba, haihuwa kuma tana da wuya ga masu wannan larura ko da yake ba a yanke ƙauna. Allurar testosteron mai suna Sustanon 250 ya rubuta, ana yi a tsoka duk bayan 'yan makonni. Kafin ya rubuta ya tambaya ko gyaɗa tana tayar wa Auta da borin jini, don maganin a cikin man gyaɗa aka narka shi. Muka yi dariya, yaron da ya tashi da ƙuli-ƙuli a aljihu. Ana auna kaurin jininsa lokaci zuwa lokaci saboda testosteron yana ƙara jajayen ƙwayoyin jini, idan suka yi yawa jini na iya daskarewa a jijiya. Wannan kaɗai ya isa ya hana mutum zuwa kemis ya sayi allurar a yi masa a bayan kanta.

Famasin asibitin sau da yawa babu maganin, sai a rubuta maka ka nema a gari. A duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa. Kwalin ya ce kada zafi ya wuce digiri 30 kuma kada a sa a firji, to a Daura da bazara sai dabara. Mu a gwangwani muke sa shi a bayan randa.

Akwai abin da likitan ya roƙe ni in gaya wa mata. Jaririn da aka haifa ba a gane al'aurarsa ba, kada a jira suna, a kai shi asibiti a ranakun farko. Mafi yawan jarirai masu XX da ke zuwa a haka matsalar daga wasu ƙananan halittu ne da ke saman ƙoda, kuma wasunsu gishirin jikinsu yana zubewa, a mako na biyu ko na uku su fara amai su bushe su mutu, alhali akwai magani.

Bayan allura asibiti ba su da sauran abin da za su yi maka game da mutane. Wasiƙar likita suka ba mu, da ita muka yi rantsuwar sauya suna a kotu aka buga a jarida, takardun makaranta kuwa har yanzu muna kai. Auta ya koma gidan Kawu a Katsina yana koyon gyaran waya, don a unguwarmu ba zai iya fitowa da hula a kai rana ɗaya ba. Tiyatar saukar da maraina da gyaran mafitar fitsari kashi-kashi za a yi ta, an ba mu ranar ta farko bayan damina. Duk takardar da aka ba ka, ka yi mata fotokwafi ka ajiye a gida. Fayil ɗinmu ya taɓa ɓata a ɗakin kati da sakamakon Legas a ciki, kwafin da ke jakata ne ya hana a sake ɗibar jinin.