Akwatin ajiya a ofis ko girgije? Na gwada duka biyun

Wa alaikumus salam, Malam. Na ga tambayarka: ku goma sha biyu ne a ofis, injiniyanku ya ce ko a sayo akwatin ajiyar nan da ake kira NAS a kafa muku, ko a riƙa biyan kuɗin girgije duk wata, wato ajiyar fayiloli a kwamfutocin wani kamfani ta intanet, Google Workspace ko Microsoft 365. Ɗauki girgijen, kada ka tsaya kwan-gaba-kwan-baya. Akwatin na saya da kuɗina, yana nan ƙarƙashin tebur, mai shara ce kaɗai take taɓa shi.

Bari in ba ka labarin ranar da na daina ganin ƙyashin kuɗin da muke biya. Wata safiya akantarmu ta buɗe imel mai ɗauke da wani fayil, wai takardar neman biyan kuɗi ce daga wani da muke hulɗa da shi. Ta danna, ba abin da ya buɗe, ta ɗauka fayil ɗin ne ya lalace ta ci gaba da aikinta. Kafin azahar ta leƙo ofishina fuskarta ba walwala, ta ce, "Yallaɓai, zo ka ga abin da kwamfutata take yi." Duk takardun da ke foldarta sunayensu sun canza, an liƙa musu wata jela ta haruffa, ko wanne ka danna sai ya ƙi buɗewa. A kowace folda an ajiye wata 'yar wasiƙa: an yi garkuwa da fayilolinku, ku biya kuɗin fansa mu ba ku mabuɗi. Lissafin albashi, jerin waɗanda muke bi bashi, takardun haraji, duk suna ciki. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne da na leƙa OneDrive, ma'ajiyar girgijen Microsoft da muke amfani da ita, na tarar lalatattun sun riga sun hau can ma, domin aikinsa ke nan, abin da ya gani a kwamfuta shi yake kwafewa.

Na zare wayar intanet daga kwamfutar tata, na koma tawa, na shiga asusunta ta shafin yanar gizo. A cikin saituna akwai wurin da ake mayar da ma'ajiyar gaba ɗaya yadda take a wata rana da ta wuce, matuƙar ba a haura kwana 30 ba. Ya nuna mini jadawalin kwanaki, kowace rana da ɗan tsayin aikin da aka yi a cikinta, sai ga ta ranar ta yi tsiri sama kamar hasumiya, canje-canje rututu a cikin 'yan mintuna. Na zaɓi jiya, na danna. Ina zaune ina kallo sunayen fayiloli suna komawa yadda muka san su. Aikin safiyar nan kaɗai muka rasa. Kwamfutar kuwa aka goge ta tas aka sake zuba mata komai, aka canza kalmomin sirri, ita kuma akanta ta ƙarasa yinin a kan wata kwamfutar aro kamar ba abin da ya faru. Har yau in ta ga saƙon da ba ta yarda da shi ba sai ta kira ni, ko da kuwa daga ni ya fito.

Akwai kuma wani amfanin da ba a cika faɗa ba sai ranar da aka rabu da ma'aikaci ba da daɗi ba. A girgije, kafin ya kai bakin ƙofa ka dakatar da asusunsa, imel ɗinsa ya rufe, fayilolinsa ka mayar da su hannun wanda zai gaje shi. A da can, sai mu yi ta bin mutum a waya muna lallashi ya faɗa mana kalmar sirrin imel ɗin da abokan ciniki suka sani.

Shi akwatin, gaskiya yana da sauri, kuma ba ruwansa da ko akwai intanet ko babu. In aikinku haɗa bidiyo ne ko manyan zane-zanen gini, to yana da rana. Iyakar yabon da zan yi masa ke nan.

Abin da ya sa na saye shi, ce mini aka yi faifai biyu ne a ciki, duk abin da aka rubuta a ɗaya yana shiga ɗayan, saboda haka "ba ka da sauran fargaba". Rabin gaskiya ce. Wannan tsarin yana kare ka ne daga mutuwar faifai ɗaya kawai. Ranar da wani yaron ofis ya goge foldar kwangila bisa kuskure, gogewar ta shiga faifan biyu a lokaci guda, kamar mutum da inuwarsa. Wai ashe akwai saitin da ke ɗaukar hoton ma'ajiyar lokaci-lokaci don irin wannan ranar, amma wanda ya kafa mana bai kunna ba, ni kuma ban san da shi ba balle in tambaya. Daga baya faifai ɗaya ya mutu, wata 'yar jar fitila ta yi ta ƙiftawa a ƙarƙashin tebur watanni, ba wanda ya sunkuya ya gani. Muna ta aiki a kan ƙafa ɗaya ba mu sani ba.

To ka ga inda gizo ke saƙar. Akwatin ba laifinsa ba ne, kwamfuta ce ƙarama da take buƙatar mai kiwo: a sabunta manhajarta, a duba lafiyar faifanta, a sa mata batirin da zai riƙe ta in wuta ta ɗauke, a kwafe abin da ke cikinta a kai wani wuri. Ofis mai mutum goma sha biyu ba shi da wanda aikinsa ke nan. Injiniyan ba a ofis yake zaune ba, sai abu ya lalace ake nemansa. Kuma da zarar ka ce kana so ka riƙa buɗe fayil daga gida, zai buɗa wa akwatin ƙofa zuwa intanet, ƙofar da kai za ka shiga ita ɓarawo zai gwada. A farkon 2022 wata manhajar garkuwa mai suna DeadBolt ta bi irin waɗannan akwatunan da aka bari a buɗe ta kulle dubbai a faɗin duniya. Kafin ita, a watan Mayun 2017, wata irinta mai suna WannaCry ta shiga ƙasashe kusan 150, har asibitocin gwamnati a Ingila sai da suka soke ganin marasa lafiya, alhali tun watan Maris Microsoft ta fitar da gyaran da ke toshe ramin da manhajar ta bi ta shiga. Waɗanda abin ya ci su ne waɗanda ba su sabunta ba. In manyan ma'aikatu masu sashen kwamfuta guda sun yi sake, ina ga ni da kai? A girgije wannan kiwon na masu shi ne, suna yi kana barci.

Tsakanin Google da Microsoft kuwa ba abin faɗa ba ne. In rayuwarku a cikin Excel da Word take, ku tsaya a Microsoft 365. Sai dai ka lura, ƙaramin tsarinsu na Business Basic ta shafin intanet da waya ake amfani da manhajojin, wanda ake saukewa a kan kwamfuta sai daga Business Standard. Kowane mutum yana samun wurin ajiya terabayit 1, wato kusan gigabayit dubu. Ƙaramin tsarin Google gigabayit 30 ne ga kowane mutum, ya ishi takardu, amma in kuna tara hotuna za ku ji matsi da wuri. In ma'aikatanka sun saba da Gmail a wayoyinsu, Google zai fi musu sauƙin koyo. Ni Microsoft nake amfani da shi saboda akanta, ba don wata ƙauna ba.

Kada kuma in yi maka tallar da aka yi mini. Girgije yana da nasa ciwon. Kuɗinsa ba ya ƙarewa, kan kowane mutum ake biya, kuma in ka daina biya za a rufe, bayan wasu watanni a goge abin da ke ciki. In intanet ɗinku mai yawan yankewa ne, dole ka sa a saita muhimman foldoji su zauna a kan kwamfuta ma, don a yi aiki ko ba layi, in ya dawo su hau da kansu. Manhajar lissafin kuɗi irin ta dā, wadda take ajiye komai a fayil guda a kan kwamfuta, ba ta son a sa fayil ɗinta a foldar da ke hawa girgije yana buɗe. Yana iya lalacewa. A bar shi inda yake, kwafin da manhajar take fitarwa a ƙarshen yini shi za a riƙa ɗorawa.

Babban ciwon shi ne duk dukiyar tana bayan kalmar sirri. Wanda ya same ta ya shiga, ko yana wace ƙasa. Saboda haka ranar farko, kafin a ɗora ko fayil ɗaya, ka tilasta tabbatarwa mai mataki biyu a kan kowa, har kai, wato bayan kalmar sirri sai mutum ya ƙara tabbatarwa da wayarsa kafin ya shiga. A yi ta da manhajar waya irin Google Authenticator ko Microsoft Authenticator, ta fi lambar da ake turowa ta saƙon tes, domin layin waya ana iya sace shi a mayar da shi kan wani katin. Za su yi maka ƙorafi sati guda su saba. Sannan kowa da asusunsa. Na san dabarar nan ta a biya wa mutum uku, sauran su riƙa shiga da na ukun don a rage kuɗi. Ranar da abu ya ɓace ba za ka san wa ya taɓa ba, ranar da ɗaya ya tafi kuma ya tafi da mabuɗin mutum huɗu.

Girgijen ma gini ne, da kwamfutoci a ciki. A watan Maris na 2021 gobara ta cinye wata cibiyar ajiya ta kamfanin OVH a birnin Strasbourg na Faransa, wasu da ba su da kwafi a wani wuri suka tashi ba komai. Masana harkar suna da ƙa'idar da suke kira 3-2-1: kwafi uku, a kan na'ura iri biyu, ɗaya a wajen ofis. Ni abin da nake yi ba wahala. Faifan waje guda biyu, ƙarshen kowane mako in kwafe muhimman foldoji a ɗaya, in zare shi in tafi da shi, mako mai zuwa in kawo ɗayan. Zarewar ita ce maganar. Faifan da ke maƙale a jikin kwamfuta dare da rana, manhajar garkuwa tare za ta haɗa da shi.

Yanzu ga abin da ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa, domin a nan ake yi wa mutane ungulu da kan zabo. Duk wanda ya ce zai sayar maka da Microsoft 365 "na har abada", biya ɗaya ka huta, ka riƙe kuɗinka. Babu wannan, haya ce ta wata ko ta shekara. Abin da suke yi, asusu suke buɗe maka a ƙarƙashin rijistar wata makaranta ko wani kamfani da ba ka sani ba. Alamarsa ita ce za a miƙo maka adireshin imel da kalmar sirri da ba kai ka zaɓa ba, da wani baƙon suna a bayan adireshin. Mai riƙe da wannan rijistar yana iya leƙa takardunka, kuma ranar da aka gano aka rufe, da kayanka za a rufe.

Na biyu ya fi wannan ciwo domin mutumin kirki ma yana yinsa ba da nufi ba. Injiniya zai ce, "Bari in buɗe muku, ba sai ka wahala ba," sai ya yi rijistar sunan shafin kamfaninka da imel ɗinsa, babban asusun mai kula ma ya sa lambar wayarsa. Shekara biyu lafiya lau. Ranar da kuka saɓa a kan kuɗin aiki, ko ya yi tafiya, ko ya canza layi, sai ka tarar kai ɗan haya ne a gidanka. Ka zauna kusa da shi a buɗe da sunanka, da lambarka, da katin bankin kamfani. Shi a ba shi nasa asusun na kula daban, wanda za ka iya rufewa. In ya nuna ɓacin rai a kan wannan, ka samu amsar wata tambayar da ba ka yi ba.

In kuma ka dage sai akwatin, ko za ka sayi faifan waje, ka kula da tsohon faifai da ake gogewa a sa a sabuwar leda. Akwai manhaja kyauta, CrystalDiskInfo, tana nuna awa nawa faifai ya yi yana aiki. Sabo bai kamata ya nuna dubban awoyi ba. Masu wayo suna iya goge wannan lissafin, don haka ka duba lambar jikin faifan a shafin kamfanin da ya ƙera shi ka ga ko garantinsa yana nan, kuma a rubuta lambar a kan rasit. Haka in za a haɗo muku da kwamfutoci, ka tambaya ko suna ɗaukar Windows 11, domin Microsoft ta tsayar da tallafin Windows 10 na yau da kullum a ranar 14 ga Oktoban 2025, kuma masu tsofaffin kaya ba za su faɗa maka ba sai ka tambaya.

Ranar da injiniyan ya ce ya gama, kada ka sallame shi tukuna. Ka buɗe wani fayil da ba shi da amfani, ka goge shi, ka bi shi kwandon shara ka sake gogewa, sannan ka ce ya dawo maka da shi kana kallo. Bayan nan ka karɓi kujerar ka maimaita da hannunka, shi yana tsaye.